Yadda ake tsara labarin mujalla mai shafi takwas bisa tafarkin Alexey Brodovitch

An san Alexey Brodovitch, mai tsara shafukan mujalla, da wata ɗabi'a a ofishin mujallar Harper's Bazaar da ke New York. Idan ana haɗa fitowar wata, sai ya sa a yi masa kwafin kowane hoto a girma iri-iri, ya yanka, ya jera, sannan ya shimfiɗa shafukan a ƙasan ɗaki bi da bi ya tsaya a kansu yana kallo. Tafiyar mujallar yake aunawa: inda ido zai yi gudu, inda zai huta, inda zai yi turus. Shekara 24 ya yi yana wannan aiki, daga 1934 zuwa 1958. Abubuwa da yawa da muke gani yau kamar da su aka halicci mujalla, irin su hoto guda ya cinye shafi har baki, ko a bar farin fili fari tas, ko take ya riƙa amsa wa hoton da ke gefensa, a ƙasan wannan ɗakin suka samu gindin zama.

Hanyar da ya biyo ba ta 'yan jarida ba ce. An haife shi a daular Rasha a 1898, ya yi sojan doki, bayan juyin juya hali ya tsinci kansa ɗan gudun hijira a Faris a 1920. Can ya samu aikin fentin labulen dandamali a ƙungiyar rawa ta Ballets Russes, wadda Sergei Diaghilev ke jagoranta. A 1924 ya ci wata gasar zanen fosta da mai zane Picasso ya zo na biyu. A 1930 ya ƙetara Amurka don koyar da zanen talla a Filadelfiya, bayan shekara huɗu kuma editar Bazaar, Carmel Snow, ta ga aikinsa a wani baje koli a New York ta ɗauke shi. Dandamalin nan shi ya sa na kawo tarihin. Wanda ya fara aiki a bayan labule ya san cewa kallo yana tafiya ne cikin lokaci, wani sashe ya ɗau zafi, wani ya lafa, kuma da wannan idon ya kalli mujalla.

Don a yi adalci, ba shi kaɗai ne a fagen ba. Mehemed Fehmy Agha ya kama aiki a mujallar Vogue tun 1929, ya riga ya fara cire wa hotuna firam da kwalliyar da ake zagaye su da ita, kuma a hannunsa Cipe Pineles ta koyi aiki kafin ta riƙe tsara shafukan mujallun Glamour da Seventeen. Amma tsarin aikin Brodovitch ya fi sauƙin koya wa wani, domin da hannu da almakashi ake yin sa.

Ga aikin da za mu yi. An ba ka shafi takwas masu faɗin milimita 210 da tsawon 297, da labari mai kalma 2,000 a kan wani tsoho mai gyaran agogo, da hotuna 40. Shafin hagu da na dama idan an buɗe mujalla zan riƙa kiran su "buɗi", domin mai karatu tare yake ganin su, kuma tare ya kamata ka tsara su.

Mataki na farko: karatu da lissafi

Karanta labarin sau biyu kafin ka kunna kwamfuta. Kana neman abin da labarin ke kewaya, wanda za ka iya faɗa a jimla guda. A ce a namu jimlar ita ce: idon tsohon ya fara rauni, amma hannunsa bai taɓa rawa ba. Rubuta ta a takarda ka ajiye a gabanka, domin ita za ta raba gardama duk lokacin da ka rasa wane hoto za ka ɗauka.

Sai lissafi. Idan ka raba shafin gida uku a tsaye, kowane ginshiƙin rubutu zai yi faɗin kamar milimita 55. Da haruffa masu girman lamba 9.5 da tazarar layi 12 (lambar da manhaja ke nunawa kenan, kowace ɗaya kashi ɗaya ce cikin 72 na inci), ginshiƙi zai ɗauki layi 58 ko 59, wato kalma wajen 380. Kalma 2,000 ke nan za su ci ginshiƙi biyar da ɗoriya. Shafi takwas suna da ginshiƙi 24. Ka ga saura kusan 19 na hotuna ne da sarari. Kada ka dogara da lissafina, zuba rubutunka a ginshiƙi ɗaya ka ƙirga, domin kowane salon haruffa da yawan cin filinsa.

Ka kuma tambayi edita a wane shafi labarin zai fara. Shafuka masu lamba 2, 4, 6 suna hagu, masu 3, 5, 7 suna dama. Idan ka fara a hagu kana da buɗi huɗu cif. Idan ka fara a dama, za ka samu shafi ɗaya tilo a farko, buɗi uku, da wani tilo a ƙarshe, kuma galibi talla ce za ta zauna kusa da su. Roƙi hagu.

Na biyu: zaɓen hotuna

Daga 40 za ka sauko zuwa shida ko bakwai. Nan ne tausayi ke ɓata aiki. Mai ɗaukar hoto ya sha wahala, edita yana son hoton da ya fito a ciki, kai ma akwai wanda ya shiga ranka. Koma ga jimlarka. Hoton da bai nuna ido ba, bai nuna hannu ba, bai nuna wurin da suke aiki ba, ajiye shi gefe ko da ya fi kowane kyau.

Kada kuma tsabtar hoto ta zama ma'auninka kaɗai. A 1933 Martin Munkacsi, wanda ya goge a ɗaukar hoton wasanni, ya ɗauki wata mai tallan tufafi tana gudu a bakin teku don Bazaar, a zamanin da aka saba ganin su a tsaye ƙiƙam cikin ɗakin ɗaukar hoto. Brodovitch ya zo ya tarar da wannan ƙofa a buɗe, ya ƙara wangale ta. Littafinsa na kansa, Ballet, da ya fito a 1945, hotuna 104 ne na 'yan rawa da ya ɗauka da ƙaramar kyamara, da yawansu dishi-dishi, wasu hasken fitila ya ƙone su, irin waɗanda wani zai zubar a kwandon shara. Ya bar su haka ne domin motsin yake so a gani. Idan a hotunanka akwai wanda hannun tsohon ya ɗan goge saboda yana juya sukurdireba, amma kana jin juyin, ya fi wanda ya zauna yana murmushi ga kyamara.

Ka tabbata abin da ka zaɓa sun bambanta a nisa: akwai na kusa ƙwarai, akwai na tsaka-tsaki, akwai wanda aka ja baya aka ɗauki ɗakin duka. Hotuna bakwai masu nisa ɗaya hoto ɗaya ne aka maimaita sau bakwai.

Na uku: buga su a takarda, ka yanka

Buga kowane hoto da ka zaɓa a girma uku: cikakken shafi, rabin shafi, da ƙarami kamar kwalin ashana. Firinta mai baƙi da fari ta isa, takarda mafi araha ma ta isa. Na san za ka ce ai ana yin wannan a allon kwamfuta cikin daƙiƙa. Ana yi. Sai dai allo yana nuna maka buɗi ɗaya ne a girman da ba nasa ba, kuma da zarar ka zana akwatin hoto a manhaja, zuciyarka ta riga ta amince da akwatin, sauran aikin duk na cika shi ne. Takarda a hannu ba ta da akwati. Za ka karkata ta, ka tura rabinta waje, ka ɗora wata a kanta, ka ga abin da ba ka yi niyya ba.

Yanke kwali biyu masu siffar harafin L. Ka haɗa su su zama taga a kan hoton, kana matsowa da su kana buɗawa. Ɗauki hoton da tsohon ya sanya tabaron gani-kusa a ido ɗaya. A yadda aka ɗauke shi akwai kansa duka, da kafaɗa, da kalanda a bango, da kofin fensir. Matso da kwalayen. Kalanda ta fita. Kofi ya fita. Ci gaba har saman goshi ya fita, haɓa ta fita, ya rage tabaron da gira mai furfura da tsagar tsufa a gefen ido. Za ka ji lokacin da hoton ya fara kallon ka. Wuce nan kaɗan don ka ga inda ya lalace, sannan ka dawo baya ka sa alama da fensir.

Brodovitch ya yi suna wajen irin wannan datsa. Yakan yanke kai, ya yanke ƙafa, ya tura mutum can gefen shafi kamar zai fice daga takardar. Abin da datsa ke yi shi ne ta bar wa mai karatu aikin ƙarasa abin da ya ɓace, ta haka shafin yake zama kamar ya fi takardar girma. Amma akwai wuraren da ba a yanka: daidai gaɓa, kamar wuyan hannu ko gwiwa ko wuya, domin sai ya zama kamar an guntule mutum. Yanka sama da gaɓa ko ƙasa da ita. Kuma ka nuna wa mai hoton abin da ka yi kafin a buga, aikinsa ne ka sa wa reza.

Na huɗu: shimfiɗa a ƙasa

Wannan ne zuciyar aikin, kada ka yi gaggawa. Haɗa fararen takardu bibbiyu su zama buɗi huɗu, ka jera su a ƙasa daga hagu zuwa dama. Yanke ginshiƙan rubutu biyar da ɗoriya daga abin da ka buga, ko ma daga kowace tsohuwar takarda mai rubutu, domin a yanzu launin tokar rubutun kawai kake buƙata. Kada ka liƙa komai tukuna.

Ga yadda ni zan jera namu.

Buɗi na farko: idon nan mai tabaro ya cinye shafin hagu har baki ta kowane gefe, yana kallon dama. Shafin dama fari. Take yana zaune daidai tsayin idon, kamar shi tsohon yake dubawa, a ƙarƙashinsa gabatarwa mai layi huɗu ko biyar. Shi ke nan. Lura da inda mutum yake kallo a hoto: idon mai karatu yana bin idonsa. Idan yana kallon waje, ka kori mai karatu daga mujallar. Mafita ita ce ka sauya masa shafi. Kada ka juya hoton kamar a madubi, balle a labarin agogo, inda lambobin fuskar agogo za su koma baibai su tona maka asiri.

Buɗi na biyu shi zai ɗauki nauyi. Ginshiƙi huɗu na rubutu, da dogon hoton hannu riƙe da hantsaki a faɗin ginshiƙi biyu. Mai karatu ya huta a buɗin farko, yanzu yana da ƙarfin karatu.

Buɗi na uku shiru ne. Hoto guda ya ratsa shafi biyu: cikin agogon hannu a buɗe, ƙafafun haƙora waɗanda a zahiri ba su kai farce ba, yanzu kowanne ya kai tafin hannu. Babu rubutu sai bayanin hoto layi biyu a kusurwa.

Buɗi na huɗu ya sauko a hankali. Sauran ginshiƙi ɗaya da ɗoriya a hagu. A dama, cikin farin fili mai yawa, ƙaramin hoton nan mai girman kwalin ashana: tsohon daga baya, shi kaɗai a ɗakin da agogon bango suka kewaye. Abin da ya kamata ya zama ƙarami mun kumbura shi, mutum sukutum kuma mun mayar da shi ɗan mitsitsi. Wannan saɓanin girma yana cikin makaman Brodovitch mafi kaifi, kuma ba ya cin ko sisi.

Yanzu miƙe tsaye, ja da baya taku uku, ka ɗan runtse ido har hotunan su zama duhu da haske kawai. Tambayi kanka abu uku. Akwai buɗi biyu a jere masu nauyi iri ɗaya? A kowane buɗi, akwai abu guda da ido ke fara faɗawa a kai, ko abubuwa biyu ne ke kokawa? Idan aka ɗauke rubutun duka, hotunan kaɗai za su ba da labarin da jimlarka ta faɗa? Duk inda amsa ba ta yi maka daɗi ba, sunkuya ka matsar. Musanya na biyu da na uku ka gani. Cire hoto ɗaya ka gani. Sau da yawa buɗin da ya ƙi zama, abu ɗaya ne ya yi masa yawa. Idan ka gamsu, ɗauki hoton jerin da wayarka, ka bar shi ya kwana a ƙasa. Idon safe ba ya jin kunyar aikin dare.

Na biyar: ragar shafi da farin fili

Sai yanzu za ka buɗe manhaja, InDesign ce ko Affinity Publisher ko Scribus ta kyauta, duk ɗaya. Kafa ragar layukan da ba a bugawa: gefen sama da ƙasa, gefen waje, gefen ciki mai ɗan ƙarin faɗi saboda ɗinki, da tazarar milimita 5 tsakanin ginshiƙai. Na fi son raba shafi gida shida maimakon uku. Rubutu ya ci gida bibbiyu, bayanin hoto ya ci ɗaya, hoto ya ci huɗu ko biyar, sai ka samu damar karkata nauyi gefe guda ba tare da shafin ya wargaje ba. Kwaikwayi abin da ke ƙasa, ragar ta daidaita maka gefuna kawai.

Farin fili yana da sharaɗi. A tara shi wuri guda, kuma ya taɓa bakin takarda. Filin da aka rarraba ɗan nan ɗan can tsakanin hotuna yana kama da ramukan da aka manta ba a cike ba, wanda aka tsare a tsakiyar shafi kuwa, rubutu ya kewaye shi ta kowane gefe, kamar hoto ne ya faɗi.

Ka kuma shirya wa tambayar da ba ta fashi. Edita zai leƙo ya ce, "Malam, rabin shafin nan mantawa ka yi?" Kada ka tsaya yi masa lacca. Buga shafin iri biyu, ɗaya yadda ka tsara, ɗaya an cusa ƙarin hotuna uku, ka ajiye su a ƙasa gefe da gefe ka ce ya faɗi wanda ya fara kallo. Gani ya kori ji. Wani lokacin kuma shi ke da gaskiya. Bazaar mujallar kayan ƙawa ce da tallace-tallace ke ɗaukar nauyin takardarta. Portfolio, mujallar zane da Brodovitch ya yi da Frank Zachary ba tare da talla ko ɗaya ba, mai shafuka masu naɗewa da takardu iri-iri, fitowa uku kacal ta yi tsakanin 1950 da 1951 tsada ta kashe ta. Idan shafi huɗu aka ba ka maimakon takwas, rage yawan hotuna, ka tsare sarari guda ɗaya mai kyau, ka haƙura da sauran.

Na shida: haruffa

Duk wanda ya ga sunan Bazaar a bangon mujallar ya ga salon da ake kira Didot: sandunan tsaye masu kauri, layukan kwance da ƙafafun harafi sirara kamar gashi. Salon ya samo asali ne a ƙarshen ƙarni na 18, daga Firmin Didot a Faris da Giambattista Bodoni a Parma ta Italiya. Brodovitch ya yi amfani da wannan dangi sosai, har suka zama tamkar tambarin mujallun ƙawa. Dalilin da ya sa suka dace da shafukansa a fili yake: harafin kansa baƙi ne ƙirin kusa da siriri, irin saɓanin da ke tsakanin hoto mai duhu da farin shafi.

Abin ɗauka a nan shi ne saɓanin, sunan salon ba dole ba ne. Take ya yi girma sosai, lamba 60 zuwa 90, ko kuma ya yi ƙanƙanta da gangan cikin fili mai faɗi. Abin da ba ya aiki shi ne tsaka-tsaki, take mai lamba 24 a kan gabatarwa mai 18 a kan rubutu mai 12, kowa na ɗaga murya kaɗan, ba wanda ake ji. Dangin haruffa biyu sun isa labari guda: ɗaya na take, ɗaya na karatu. Bayanin hoto ya sauka zuwa 7.5 ko 8, a karkataccen zubi na dangin karatun.

Ga inda gizo ke saƙa. Siraran layukan Didot ba sa jure ƙanƙanta. Na taɓa sa bayanin hoto da shi, fari a kan hoto mai shuɗi mai duhu, lamba 9. A allo kamar ka lashe don kyau. Da mujallar ta dawo daga maɗaba'a, tawada ta malalo ta cinye siraran layukan, harafin e ya koma c, t ya rasa sandarsa ta kwance, sai da mutum ya yi canke kafin ya karanta suna. Hoto mai launi ana buga shi ne da tawada huɗu, ɗaya bisa ɗaya, kuma ko gocewar da ba ta kai gashi ba ta isa ta toshe farin layi mai sirantar gashi. Laifina ne, ba na injin ba. Masu sassaƙa haruffan ƙarfe na da sun san wannan, shi ya sa kowane girma da nasa zanen, ƙananan suna da layuka masu ɗan kauri. Da aka sabunta fasalin Bazaar a 1992 ƙarƙashin mai tsara shafuka Fabien Baron, mai zana haruffa Jonathan Hoefler ya zana mata sabon Didot a girma bakwai daban-daban, daga na lamba 6 har na 96, don siririn layi ya tsira a kowane mataki. Idan salon da kake da shi zane ɗaya ne tak, ajiye shi don take mai lamba 30 zuwa sama, ka nemi mai ƙafafu masu ƙwari don jikin labari. In dole sai ka sa farin rubutu a kan duhu, ɗauki salo marar siraran layuka.

Layin ginshiƙi ya ɗauki harafi 35 zuwa 45. In ya gaza haka kuma ka daidaita gefuna biyu, tazarar kalmomi za ta buɗe ta yi fararen hanyoyi masu gangarowa cikin rubutun, sai ka saki gefen dama ya tafi yadda ya ga dama. Kafin ka ƙulla da kowane salo, buga duk haruffan harshen da kake aiki da shi, manya da ƙanana, masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da masu alama a ka irin é. Idan salon ba shi da su, manhaja za ta aro daga wani a ɓoye, kuma a take mai lamba 80 aron ba ya ɓoyuwa.

Na bakwai: rubutu ya amsa wa hoto

Cikin shafukan Brodovitch da aka fi nunawa ɗalibai akwai waɗanda ginshiƙin rubutu ya ɗauki siffar abin da ke hoton da ke fuskantarsa: riga ta buɗe ƙasa, rubutu ma ya buɗe ƙasa, mace ta karkata, layukan ma suka bi karkatarta. Dabara ce mai daɗin kallo, kuma ita ce mafi saurin lalacewa a hannun mai koyo. A ganina ko nasa ba duka ne ke da daɗin karantawa ba. Yi ta sau ɗaya a labari, a gajeren rubutu kamar gabatarwa, kada layi mafi gajarta ya gaza kalma uku. A namu, gefen hagu na gabatarwar zai iya ɗan lanƙwasa ya bi da'irar tabaron da ke ɗaya shafin. Jikin labari kuwa a bar shi a miƙe.

Akwai amsawar da ta fi wannan sauƙi kuma ta fi ɗorewa: layin farko na rubutu ya fara daidai tsayin wani abu a hoton, bakin tebur ko yatsa ko layin ido. Mai karatu ba zai san ka yi ba, zai dai ji shafin biyu a ɗaure suke.

Na takwas: abin da maɗaba'a ke so

Duk hoton da zai kai bakin takarda, ja shi ya wuce layin yanka da milimita 3, domin wuƙar yanka tana gocewa, in ba haka ba za ka ga farin zare a gefe. Rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla milimita 5.

Hoto yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga shi. Cikakken shafi zai nemi ɗigo kamar 2,500 a faɗi da 3,600 a tsawo, hoton da ya ratsa buɗi kuwa kamar 5,000 da 3,600. Ka tuna datsar da ka yi ta zubar da ɗigo masu yawa, don haka auna abin da ya rage bayan yanka. Idon tsohon da muka matso da shi sosai shi ne abin dubawa na farko.

Sai tsakiyar buɗi. Mujallar da aka manne bayanta da gam tana haɗiye 'yan milimitoci a lungun tsakiya, wadda aka ɗinke da waya kuma takardun hagu da dama ba ɗaya ba ne sai a buɗin tsakiyar mujallar, don haka suna iya saɓawa sama ko ƙasa. Kada ido, hanci, ko harafin take ya faɗa wannan lungu. A hoton cikin agogo, matsar da shi har lungun ya ratsa ta wuri marar muhimmanci. In za a iya ba ka buɗin tsakiya don shi, karɓa hannu bibbiyu.

Na ƙarshe: gwaji a hannun wani

A ajin Brodovitch da ya kira Design Laboratory, wanda ya fara a Filadelfiya ya ci gaba da shi a New York, inda masu ɗaukar hoto irin su Irving Penn, Richard Avedon, Lillian Bassman da Hiro suka ratsa, abin da aka fi tunawa da shi shi ne buƙatarsa ga ɗalibai cewa su ba shi mamaki. Kai ba za ka iya ba kanka mamaki da shafin da ka kwana uku a kansa ba, sai ka aro idon wani.

Buga shafukan takwas a ainihin girmansu, yanke gefuna, manna su baya da baya, ka naɗe su zama 'yar mujalla, har da shafin da ke gaba da labarin da wanda ke bayansa. Miƙa wa wanda bai san aikin ba, kada ka ce masa komai, ka zauna gefe kana kallon hannunsa da idonsa. Lura da buɗin da ya daɗe a kai, da wanda ya wuce fiu, da inda ya karkata takardar ko ya matso da ita kusa da fuska, domin nan rubutu ya yi ƙanƙanta. In ya kai buɗi na uku bai ɗan dakata ba, hoton bai kai girman da ka ba shi ba, koma cikin 33 da ka ajiye ka sake dubawa.

Bayan gyara, fitar da PDF mai alamun yanka, ka nemi maɗaba'a ta ba ka bugun gwaji a kan irin takardar da za a yi aikin da ita. Duba shi da rana kusa da taga: siraran layukan take, bayanin hoto mafi ƙanƙanta, wuraren duhu a fuskar tsohon ko sun toshe, da lungun tsakiya a buɗi na uku. Sai ka sa hannu.